Barewa Uku a Kwarin Goriba

Wata Asabar ce cikin bazara, shekarar da nake aji biyar, rana ba ta gama ɗagowa ba muka yi cirko-cirko a bakin lekol, wato makarantarmu ta boko, mu ashirin da 'yan kai, kowa da ƙullin guzurinsa da goran ruwa a rataye. Ni Inna ta ɗaure mini curin fura biyu da ƙuli-ƙuli a bakin zane. Motar da za ta ɗauke mu wata tsohuwar kamyo ce ta wani ɗan kasuwar Guci, shaƙe da buhunan gyaɗa da wake, za ta ci kasuwa wajen iyaka. Karen motar ya riƙa cafkar mu a hannu ɗaya bayan ɗaya yana wurga mu saman buhuna kamar 'yan awaki. Malaminmu, Mushe Idi (mushe muke ce wa malamin lekol), shi ya hau a ƙarshe, da farar riga mai gajeren hannu, da malafar kaba, da littafin kiran suna a hammata. Ya ƙirga mu sau biyu, ya buga jikin mota da tafin hannu, direba ya ja. Kowa na ihu yana ɗaga wa iyayensa hannu. Ni kaɗai na yi shiru, domin da zan fito gida da safen na leƙa zaure, na tarar ba yayana, ba karensa, gorarsa ma ba ta jingine inda ta saba kwana.

Mushe Idi mutumin Magarya ne, siriri, dogo, kullum da gumi a kan hanci. Shekararsa ta biyu ke nan a ƙauyenmu, Tudun Gawo, can gabas da Guci. Lokacin da yake ɗalibi a makarantar horon malamai an taɓa kwasar su a mota, kwana biyu cur suna tafiya, har babban gandun dajin W da ke bayan Yamai, kuma wannan tafiya ba ta taɓa fita daga ransa ba. In lissafi ya ishe mu muka fara gyangyaɗi, sai ya ajiye littafi ya zauna a bakin tebur ya shiga ba mu labari: yadda giwaye suka tare musu hanya har direba ya kashe mota kowa ya yi tsit, yadda suka bi bayan ɗan jagora a ƙasa tun safe har azahar ƙaya na yagar wandunansu, yadda dorina ta wangale baki a tsakiyar ruwa sai ka ce ƙofar rumbu. Yana faɗi yana zana su da alli har ya cika allo, sannan ya hana mai shara gogewa. Mu kuwa ba mu san naman daji ba sai matacce: zomo rataye a ƙugun maharbi, buzun barewa da tsofaffi ke sallah a kai, ƙaho cike da magani a zabirar wanzami. Yakan ce, "Kun san su a tukunya. Ni so nake ku ga ɗaya da ranta, tana numfashi."

W ta yi mana nisa, amma akwai wani ɗan gandu tsakaninmu da Dungas, Kwarin Goriba, wanda aka hana sara da farauta a cikinsa tun kafin a haife mu. Mutane sun daɗe da cewa ba abin da ya rage a ciki sai birai da kurege. Mushe bai yarda ba. Kowace Lahadi yakan hau kekensa ya tafi can, ya tura shi a inda rairayi ya hana tuƙi, ya yini tare da mai gadin wurin, wani tsoho mai ɗingishi da ake kira Baba Ɗan Tani. Wata Litinin sai ya shigo aji fuskarsa na ƙyalli, ya rufe ƙofa, ya sa aka janyo tagogi, ya yi ƙasa da murya. Ya ce ya gan su da idonsa: barewa uku, namiji da mace da ɗan ƙaraminsu, suna zuwa shan ruwa da hantsi a wani ɗan tafki bayan tsamiya biyu, can ƙuryar kwarin. Ya riga ya roƙi daraktan lekol, ya roƙi mai mota, ranar Asabar za mu je. Sannan ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Maganar nan ta tsaya a ɗakin nan," in ji shi. "A gida ku ce za mu ganin itatuwa. Wanda ya san ba zai iya riƙewa ba, ya gaya mini yanzu." Duk muka ɗaga hannu muka yi alkawari, har da ni.

Gidanmu na dangar kara ne, da rumbu uku a tsakar gida da turken awaki bayan ɗakin kakarmu. Kafin in tafi lekol sai na share gida na yi sawu uku a rijiya, in na dawo kuma surfe na jira na, da watsa wa awaki harawa, da tsinto kara na girki. Sai an gama duk wannan ake bari in fita dandali mu yi carafke da gaɗa kafin magariba. Babban yayanmu, Yaya Lawali, bai taɓa zama a aji ba. Shekararsa sha tara, kuma in damina ta yi ba saurayin da ke riga shi fitar da kunya a gona. Amma da rani ba shi da zance sai farauta. Yana da gora mai zobban ƙarfe a kai, da kere biyu na jifa da ya sassaƙa da hannunsa, da layu a damtse, da wani jan kare mai yankakken kunne, sunansa Barsu. A goshinsa akwai tabon da samarin Rijiyar Kaba suka yi masa, ƙauyen da ke kan hanyar kwarin. Tun zamanin kakanni, in farautar garuruwan nan biyu ta haɗu a daji, ba a rabuwa sai an fasa kai. Duk da haka ban san mai taushin hali a gare ni kamarsa ba. Shi ke ɓoye mini cinyar zomo, shi ke karɓar tuluna in ba mai gani. Tsokana ce kawai ba ya bari, bai taɓa kirana Zuwaira ba, sai "'yar mushe".

Ranar Laraba da la'asar ina surfen gero, shi kuma yana zaune a kan kifaffen turmi yana gyara bakin kere da wuƙa. Ya ce, "'Yar mushe, na ji za ku ganin itatuwa. Gawo ne ba ku taɓa gani ba, ko kalgo?" Ƙannenmu suka tuntsire da dariya. Na yi kamar ban ji ba. Ya ci gaba, wai mushenmu ko zakara bai iya yankawa ba, giwayen ma a takarda ya gan su, wai shi Lawali ba lungun da bai taka ba a ƙasar nan, kuma abin kirki ya ƙare a daji tun yana goye. Ban san lokacin da na tsayar da taɓarya ba na ce, "To ka taka bayan tsamiya biyu? Uku ne ma, har da ɗa!" Maganar na fita na so in kamo ta. Wuƙar ta tsaya a hannunsa. Bai yi dariya ba, bai ƙaryata ni ba, ya dai tambaya a hankali, "Yaushe kuka ce za ku?" Na ce Asabar. Na ce, "Yaya, don Allah." Ya hure ɓawon itacen da ke cinyarsa ya ce, "Ci gaba da surfenki." Ranar Juma'a bayan an tashi na tsaya kusa da teburin Mushe ina yi kamar mai neman bik ɗin rubutunta, ina so in gaya masa na kasa, har ya ɗago ya ce ko lafiya. Na ce lafiya, na fita.

Hanyar ba kwalta, ba jar ƙasa, sawun amalanke ne kawai cikin rairayi. Kamyo na tafe tana nishi, in ta faɗa rami mu tashi sama mu zubo a kan juna. Gonaki duk a share, sai kututturan kara da gawo kore shar, awaki a gindinsa suna tsintar 'ya'ya. Mata a bakin rijiya sukan tsayar da guga su bi mu da kallo. Maza suka kafa waƙar lekol ta Faransanci wadda rabinta ba mu san ma'anarta ba, Mushe na yi musu kiɗa a kan littafinsa, ni ban sa baki ba. In mun tunkari reshen ƙaya karen mota ya ƙwala, "Kanku!" mu duƙa gaba ɗaya. Wani yaro bai duƙa da wuri ba, reshen aduwa ya tsage masa kumatu, ya sha dariya maimakon sannu. Sau biyu muka kafe a rairayi, duk muka sauka, aka yanko kaba aka cusa ƙarƙashin taya, Mushe ya naɗe ƙafar wando ya sa kafaɗa tare da mu. Da muka ratsa Rijiyar Kaba sai na ga samari na fitowa daga lunguna da karnuka da gora, suna tsaitsaye suna fuskantar gabas kamar masu sauraron wani abu. Ba wanda ya kula sai ni.

Direba ya sauke mu a gindin wani allon ƙarfe da tsatsa ta cinye rubutunsa, ya ce zai biyo da la'asar in kasuwa ta watse. Baba Ɗan Tani na nan yana jira da sandarsa da tsohuwar rigar kaki da usur a wuya. Dokarsa ɗaya ce: "Baki a rufe, ido a buɗe." Muka shiga layi ɗaya, shi a gaba yana ɗingishi, Mushe a baya ɗauke da ƙullin wata 'yar ƙarama. Ban taɓa shiga inuwa mai faɗin wannan ba. Goriba ko'ina, kowace da rassanta biyu-biyu, kaba na yankar ƙwaurinmu, ƙarangiya na manne wa zane. Jajayen birai suka yi mana tsawa daga kan wata kuka, zabin daji suka tashi fir daga gabanmu har wata ta saki ƙara. Tsohon yakan tsaya ya nuna ƙasa da bakin sanda: wannan kurege, wannan dila, wannan damo ya ja wutsiya. Can sai ya tsuguna a kan wani ɗan sawu, kamar an dangwala yatsu biyu a rairayi, ya ɗago ya dubi Mushe suka yi wa juna murmushi. Mun yi tafiya ta kusan awa biyu. Ruwan gorana ya yi ɗumi, igiyar takalmina ta tsinke na riƙe shi a hannu. Kuma gaskiya, a cikin tafiyar nan akwai lokacin da na manta da Yaya Lawali sarai.

Hantsi ya ɗaga muka iso gindin wani tudu. Baba Ɗan Tani ya ɗebi rairayi ya sake shi a hankali don ya ga inda iska ta nufa, sannan ya yi mana alama mu kwanta. Da rub-da-ciki muka hau, muka leƙa ta cikin sabara. Ga tsamiya biyu, ga tafki a bayansu, ya janye har ruwan bai fi faɗin tsakar gidanmu ba, gefensa duk tsattsagaggiyar laka. Muka daɗe kwance, tururuwa na cizonmu, ba mai ikon sosawa. Har na fara addu'a a zuci Allah ya sa kada su zo. Sai ga su. Namijin ne ya fara fitowa, da ƙahoninsa masu lanƙwasa, yana taku ɗaya yana tsayawa. Macen na biye, bayanta ja kamar rairayin da rana ta daka, cikinta fari fat, ƙafafunta sirara har kana tsoron kada su karye. Ɗan kuwa sai tsalle yake a gefenta, yana tunkuyar nono tana kauce masa. Suka sa baki a ruwa. Ina jin numfashin yarinyar da ke kusa da ni. Na juya na dubi Mushe, na ga ba barewar yake kallo ba, fuskokinmu yake bi da ido.

Sai muka ji gangar farauta, can daga gabas. Namijin ya ɗaga kai. Kafin ya ƙara motsi haushin karnuka ya tashi ta gabas, wani kuma ya amsa ta arewa. Ya yi tsalle ɗaya ya tsallake kaba ya ɓace. Macen ma ta zabura, amma ɗan ya faɗa laka ya kafe har gwiwa, sai ta juyo. Juyowar nan ita ta kashe ta. Karen da ya fara isowa ja ne mai yankakken kunne. Barsu ya kama ta a cinya suka faɗi tare, ta miƙe da shi a jikinta, sai wani kere ya taso daga arewa ya same ta a ƙafar gaba, na ji ƙarar kamar an karya busasshen kara. Ta yi kuka. Ban san barewa na da murya ba sai ranar. Sauran karnukan suka rufe ɗan a cikin laka, kuma da suka watse ba abin da za a nuna a ce shi ne. Mutane suka ɓullo ta gefe biyu a guje, ƙirji a waje, suna kirari. Na Tudun Gawo suka kama ƙafafunta na baya suna cewa karensu ya kayar, na Rijiyar Kaba suka riƙe wuya suna cewa kerensu ya karya. Tana da rai suke ja, idonta a buɗe, ba wanda ya tsaya ya yanka ta. Wani daga cikin namu ya ɗaga barandami zai raba ta biyu, ya sauke, ya haɗa da yatsun mutumin da ke riƙe da haƙarƙarinta.

Daga nan ba wanda ya ƙara tuna barewa. Ƙarar gora a kan mutane ta yi kama da daka a gidan biki, turmi goma lokaci guda. Na ga wani ya dafe kai jini na fita ta tsakanin yatsunsa, na ga an danne wani a cikin ruwa ana naushinsa, karnuka na cizon kowa ba su tantance nasu. Baba Ɗan Tani ya gangara yana busa usur, wani ya ture shi da kafaɗa ya faɗi warwas. Mushe ya ce, "Kowa ya kifa fuskarsa a ƙasa! Kada wanda ya tashi!" Yara na kuka, wasu na kiran sunan yayyensu da suka gane a ciki. Ni ban kifa ba. Na hango Yaya Lawali a tsakiya, mutum uku sun kewaye shi. Ya tare ɗaya, ya tare biyu, na ukun ya same shi a tsakar kai. Ya durƙusa a laka, wani ya zare adda ya nufo shi. Ban san na tashi ba. Na dai tsinci kaina ina gangarawa a guje ina kiran "Yaya! Yaya!"

Ban kai gare shi ba. Gwiwar hannun wani ta same ni a ƙirji na kife, bakina ya cika da laka, ƙafafu na tattaka ni, wani kare ya tsallake kaina. Sai na ji wani ya rufe ni da jikinsa, na ji warin alli da gumi. Mushe ne. Ya duƙa a kaina, hannu ɗaya a sama, yana ihu, "Yara! Akwai yara a nan!" Mai addar ya ja baya da ya ga farar riga. Mushe ya ɗago ni ta hammata zai ja ni waje, ya miƙe tsaye. A daidai lokacin Yaya Lawali ya yunƙuro daga laka, jini ya rufe masa ido biyu ba ya ganin komai, ya kama gorarsa da hannu biyu ya juya ta da duk ƙarfinsa. Kan gorar mai zobban ƙarfe ya sami Mushe a gefen fuska na hagu. Ina jikinsa, na ji ƙarar har cikin haƙorana. Bai yi ihu ba. Ya sake ni, ya zauna a hankali kamar wanda ya gaji, sannan ya kwanta a gefe.

Wani ya ce, "An kashe mushen lekol!" Nan take faɗan ya mutu. Kowa ya san abin da taɓa ma'aikacin gwamnati ke jawowa, sai gudu, na gabas gabas, na arewa arewa. Mutum biyu suka ja wani saurayin Rijiyar Kaba da ke kife ba ya motsi, ƙafafunsa na jan layi a rairayi. Aka bar mu da rabin barewa a laka da wani kare mai jan ƙugu. Yaya Lawali kaɗai bai gudu ba. Ya share idonsa da bayan hannu, ya dubi Mushe, ya dubi gorar, ya dube ni. "Ke me ya sauko da ke?" ya ce. Ya saki gorar ta faɗi. Baba Ɗan Tani ya rarrafo ya kara kunne a ƙirjin Mushe ya ce da sauran rai. Ya cire kallabina ya ɗaure masa fuska, kafin ya gama ƙullawa kallabin ya jiƙe.

Yaya Lawali ne ya goya shi. Hanyar da muka biyo da safe cikin inuwa da murna, ita muka koma da tsakar rana, rairayi na ƙona tafin ƙafata don ban san inda na yar da takalmin ba. Yana tafe yana tangaɗi, jinin kansa na gangarowa yana haɗuwa da na Mushe a kafaɗarsa. Sau uku yana durƙusawa, manyan yaran ajinmu suka ce su kama masa, ya ce kada wanda ya taɓa. Wajen rabin hanya Mushe ya farfaɗo, ya yi magana ƙasa-ƙasa, Yaya ya tsaya ya saurara. Cewa yake, "Sun cika?" Baba Ɗan Tani ya miƙo mini littafin kiran suna da ya tsinto a kan tudu, na riƙa kira muna tafe, kowa na amsawa cikin kuka, har na kai ƙarshe na ce, "Mushe, mun cika." A gindin allon ƙarfen nan muka zauna har la'asar, muna kora masa ƙudaje da malafarsa. Da kamyo ta iso direba ya leƙo ya yi salati, ya juya kan mota zuwa Dungas. Majon disfansa, wato jami'in ɗakin shan magani, ya wanke raunin ya girgiza kai, ya ce a wuce Magarya. Daga Magarya ma Damagaram aka kai shi.

Mushe bai mutu ba, amma idon hagu ya tafi, ƙashin kumatun ya lotsa. Saurayin Rijiyar Kaba ya cika a kwana na uku, kuma har yau ba a san gorar wa ta same shi ba. Yawancin samarin garuruwan biyu suka tsallaka iyaka kafin jandarmomi su zo. Yaya ya zauna. Baba, wanda bai taɓa ɗaga wa ɗayanmu hannu ba, ya kwance igiyar guga ya ninka ta, ya dake shi a tsakar gida har kan raunin, sai da Inna ta faɗi ta riƙe masa ƙafafu. Yaya na tsaye, ko tari bai yi ba. Baba na haki ya ce, "Wa ya gaya maka inda barewar nan suke?" Ina bayan rumbu ina jin su. Yaya ya ce, "Sawu na bi." Daga baya ne ya gaya wa Inna cewa sun yi sammako don su gama kafin mu iso, tara mutane da tafiyar ƙasa suka makarar da su. Mushe ya shaida wa jandarmomi bai ga wanda ya buge shi ba. Yaya da bakinsa ya ce shi ne. Ya yi shekara da watanni a gidan kaso a Magarya, daminar nan Baba shi kaɗai ya yi noma, da ni da ƙannena a bayansa. Barsu ya dawo gida da farkakken ciki, ya shige ƙarƙashin rumbu, bai fito ba.

Ana sauran 'yan makonni a yi bakans, wato babban hutu, Mushe ya dawo, da baƙin tabarau. Ranar farko ya miƙa hannu zai ɗauki alli a kan tebur ya kama iska, ya sake miƙawa. Bai ƙara ba mu labarin giwa ba. Ranar da za a rufe lekol na bari kowa ya fita, na tsaya a gabansa na ce, "Mushe, ni ce na faɗa." Sai da ya juyo da kansa gaba ɗaya kafin ya gan ni da idon da ya rage. Sannan ya ce, "Na zata haka, tun da na ga kin ƙi waƙa a mota." Na fashe da kuka. Ya bari na yi mai isata, ya ce, "Ni ma ai faɗa na yi, Zuwaira. Baba Ɗan Tani ya ce in yi shiru, na kasa, na gaya wa yara ashirin." Bai ce ya yafe mini ba, bai kuma yi mini faɗa ba. Ya tambaye ni, "Kin dai gan su da kyau kafin gangar?" Na ce na gan su. Ya ce, "To," ya miƙo mini tsumma in goge allo. Bayan bakans aka canza masa wurin aiki, ban ƙara ganinsa ba.

Yanzu aikin karɓar haihuwa nake a Magarya, 'ya'yana huɗu. Kakar bara Yaya Lawali ya ɗauke ni a moto, wato babur, za mu ta'aziyya wani ƙauye wajen Dungas. An zuba jar ƙasa, tafiyar da ta cinye mana safiya ba ta kai awa ba. Samarin Tudun Gawo da na Rijiyar Kaba yanzu kolej ɗaya suke zuwa, har aure ya shiga tsakani, ganga ba ta ƙara fita daji ba don ba abin da za ta fitar. Kwarin ya zama gero da wake daga wannan gefe zuwa wancan, sai goriba jefi-jefi an aske musu kai. Yaya ya yi furfura, ba ya ajiye kare, ba ya ɗaga murya ko a kan jikokinsa. Da muka kai wani ɗan gangare sai ya rage gudu ya kashe moto, ya tsuguna kamar mai duba taya. Wasu mata masu roron wake suka yi mana sannu muka amsa. Bai ɗago ba ya ce, "Nan ne." Na ce, "Na sani, Yaya." Na duba ban ga tafki ba, ban ga tudun da muka kwanta ba, rairayi da garma sun daidaita komai. 'Ya'yana ba za su taɓa ganin jinin da na gani a wurin nan ba, kuma na gode wa Allah da haka. Amma ba za su taɓa kwanciya rub-da-ciki su riƙe numfashi saboda wata halitta ta zo shan ruwa ba. Har yau ban iya raba jinin nan da kallon nan a raina ba.